Tsakanin na Speyside da na Islay, ga wanda za ka kai wa surukinka

Ɗan'uwa, ka tambaye ni wane wiski za ka kai wa surukinka, na Speyside ko na Islay, yankuna biyu da ake yin wiski a Scotland. Tunda Baba bai taɓa ɗanɗana wiskin da ake kira single malt ba, wato na tsiron sha'ir zalla daga masana'anta ɗaya, ɗauki na Speyside ka huta.

Ni Balvenie mai shekara 12, ta Speyside, nake da ita a gida. Na taɓa zuwa Dufftown, ƙauyen da William Grant ya gina masana'antar a 1892. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗakin tsiro. Sha'ir ne aka jiƙa aka baza a daɓe, wani dattijo yana juya shi da shebur ɗin katako don kada saiwoyin su sarƙe. Ƙamshin wurin sak na tsiron dawa idan an shanya shi a tsakar gida. Har yau suna riƙe da masu gyaran ganga nasu, da maƙerin da ke kula da tukwanen jan ƙarfe. Wannan ta shekara 12, sai ta daɗe a gangar da ta taɓa ɗaukar wiskin Amurka, sannan a juye ta cikin wadda ta ɗauki sherry, wata giyar inabi ta Sifen. Shi ya sa take da taushi, da ɗan zaƙi kamar zuma. Da na kai wa kawuna a wata Kirsimeti, ɗan kaɗan yake zubawa, ya ɗiga ruwa, kwalba ɗaya ta kai shi har Ista.

Na Islay kuwa, da hayaƙin wata baƙar ƙasar fadama suke busar da tsiron. Masu son ta suna son ta ƙwarai. Ni na taɓa sayen guda, sai na ji kamar ina shan toka da magani, tana nan a kabad ko rabi ban kai ba.

Dukkansu doka ɗaya ke kansu: tsiron sha'ir zalla, masana'anta ɗaya, aƙalla shekara 3 cikin gangar katakon oak a Scotland, ƙarfin barasarta kada ya gaza kashi 40 cikin ɗari. Shekarun da ka gani a jikin kwalba na wadda ta fi ƙarancin shekaru ne a cikin gangunan da aka haɗa. Kuma duk shekara kusan kashi 2 cikin ɗari na tsere wa ganga zuwa iska, daga nan tsadar tsofaffin take.

Sai dai ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu tattara kwalaben da aka shanye su ɗura wani abu daban su liƙe, wani lokaci har da sinadarin methanol mai makantar da mutum. Tun 2012 ba a yarda a ɗura single malt na Scotland a kwalba a wata ƙasa ba, saboda haka duk wadda aka ce maka a wata ƙasa aka ɗura ta, ba ta gaske ba ce. Duba murfin da kyau, kuma idan farashin ya yi araha fiye da kima, ajiye ka fita. Gara ka saya a shagon filin jirgi kafin ka taso.