'Yar rediyon Littafi Mai Tsarki da na saya, wata biyu ke nan

'Yan'uwa barkanmu da war haka. Mata da yawa a Zumunta, wato ƙungiyar matan coci, suna ta tambayata 'yar rediyon nan da suke gani a jakata, shi ne na ce bari in rubuta kowa ya gani.

A wani shagon littattafan Kirista na saye ta nan Sabon Tasha, irin ƙananan nan ne masu cin memori, ba ta fi sabulun wanka girma ba, mai shagon ya riga ya loda Littafi Mai Tsarki na Hausa duka a ciki, littattafai 66 daga Farawa har Wahayi. Kuɗinta ko na atamfar anko ɗaya bai kai ba. Da cajar waya ake yi mata caji kuma tana riƙe wuta sosai, ko NEPA ta kwana biyu ba ta kawo ba tana yi. Muryar mai karatun a natse take, ba ya sauri, sifikar ma ba laifi.

Inda ta gaza, lamba kawai take nunawa ba sunan littafi ba, sai kin duba takardar da mai shagon ya bayar ki ga lamba nawa ce Zabura ko Luka, kuma sura sura take tafiya, ba a zaɓar aya. Madannan sun yi ƙanana, in ta faɗi ƙasa memorin na iya fita.

Amma abin da ya sa na zauna rubutun nan daban ne. Ni mace ce mai hidima, Talata koyon waƙa, Laraba addu'a, Asabar in ba girkin biki ba to ziyarar mara lafiya, ga shago ga yara. Satin farko ina tuƙa tuwo tana yi, ina wanke-wanke tana yi, sura goma ta wuce amma a tambaye ni me na ji ba zan iya faɗa ba. Ranar wata Alhamis da yamma ina yankan kuɓewa sai aka kai ƙarshen Luka 10, aya 38 zuwa 42, Marta tana ta fama da hidimar baƙi, Maryamu kuwa ta zauna a gaban Ubangiji tana saurare. Na karanta wurin nan ya fi a ƙirga, amma da na ji an kira sunan da murya har sau biyu, Marta, Marta, sai jikina ya yi sanyi, na ajiye wuƙar na zauna a kan turmi na maimaita sau uku. Yesu bai ce girkin laifi ne ba fa, ai dole baƙi su ci abinci, damuwarta a kan abubuwa da yawa ya taɓo alhali abu ɗaya ne wajibi. Kuma ina son Marta har zuciyata, ita ce fa a Yohanna 11:27 ta shaida cewa shi ne Almasihu Ɗan Allah.

Yanzu ƙarfe 5 na asuba nake kunna ta kafin yara su tashi, sura ɗaya tak, hannuna ba komai, in ta ƙare in kashe in yi shiru kaɗan kafin in yi addu'a. Na je wurin shugabar Zumunta na ce Mama ki yi haƙuri a cire ni daga kwamitin abinci na bana, nauyin ya yi mini yawa. Ta riƙe hannuna ta ce 'yata je ki, Allah zai tanada wata.

Duk mai saye ta sa a gwada mata a shagon tukuna, kar kuma ta manta takardar lambobin. Jiya na koma na karɓo ta biyu saboda surukata a Zonkwa, idonta ya yi rauni ta daina karatu, ranar Asabar zan ba direba ya kai mata.