GoDaddy ko Hostinger: amsa ga Malam mai shagon turare

Malam, jiya ka ce kana son buɗe wa shagon turarenka shafin intanet, wani ya tura ka GoDaddy don su ne tsofaffin hannu, wani ya ce Hostinger ya fi sauƙin kuɗi. Ka tambayi wanne za ka ɗauka. Bari in bi ta tarihinsu, domin yadda kowanne ya taso shi ne yake nuna inda zai tatse ka.

Abu biyu za ka saya. Akwai suna, wato adireshin da mutane za su rubuta su same ka, akwai kuma masauki, wato kwamfutar da za ta riƙe hotunan kayanka dare da rana. Duk kamfanonin biyu suna sayar da su, amma ba ta ƙofa ɗaya suka shigo kasuwar ba.

GoDaddy ta ƙofar suna ya shigo. Bob Parsons, tsohon sojan Amurka da ya yi yaƙin Biyetnam, ya sayar da kamfaninsa na manhajar lissafi ga Intuit a 1994 kan dala miliyan 64, sannan a 1997 ya kafa wani a jihar Arizona da sunan Jomax Technologies. A 1999 aka raɗa masa GoDaddy. A wancan zamani Network Solutions ne mai kasuwar sunaye, sai Parsons ya karya farashi, ya kuma zuba kuɗi a talla. A 2005 ya fara sa talla lokacin Super Bowl, babban wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, tallan da ya ta da ƙura saboda shigar matar da ke ciki, kuma a shekarar ne kamfanin ya zama na ɗaya a duniya wajen rajistar sunaye. A 2011 manyan masu jari irin su KKR da Silver Lake suka sayi kaso mafi tsoka. A ƙarshen wannan shekarar kamfanin ya goyi bayan SOPA, ƙudirin dokar Amurka kan satar fasaha a intanet da mutane da yawa suka ƙi, abokan ciniki suka yi ta kwashe sunayensu, har Wikipedia ta bar shi, dole ya janye. A 2015 ya shiga kasuwar hannun jari ta New York. Girman da ya yi a harkar masauki kuwa, da yawansa saye ne: ya haɗiye Media Temple a 2013, ya haɗiye Host Europe Group a 2017.

Kamfani mai masu hannun jari kullum so yake kowane abokin ciniki ya ƙara kashe kuɗi. Shi ya sa idan ka zo biya a GoDaddy, sai ka ga an jero maka imel da tsaro da wannan da wancan, kamar ɗan kasuwar da ka zo sayen hula yana miƙo maka takalmi.

Hostinger kuwa ta ƙofar masauki ya shigo, kuma daga ƙasa. An kafa shi a 2004 a birnin Kaunas na Lituweniya da sunan Hosting Media. A 2007 suka buɗe 000webhost, masaukin kyauta; da yawa daga cikinmu a can muka fara koyon ɗora shafi, ba ko sisi. Dabarar ke nan: ka saba da su a kyauta, idan shafinka ya girma ka koma na kuɗi. Sunan Hostinger a 2011 ya zo, na kyautan kuma an rufe shi a 2024. Wani abin da ya taimake su shi ne sun gina allon sarrafa shafi na kansu, hPanel, don haka da masu cPanel, allon da yawancin kamfanonin masauki ke haya, suka tsauwala kuɗin lasisi a 2019, bai yi musu zafi kamar sauran ba.

Ta fuskar tsaro, babu mai yi wa wani dariya. An kwashe bayanan mutum sama da miliyan 13 daga 000webhost a 2015, Hostinger ya sanar da kutsen da ya shafi kusan miliyan 14 a 2019, GoDaddy ma a Nuwamba 2021 ya amsa cewa kutse ya taɓa abokan cinikinsa masu amfani da manhajar gina shafi ta WordPress kimanin miliyan 1.2.

Ni dai, ga ƙaramin shago irin naka, Hostinger zan ɗauka don masauki. Amma ka lura, arhar da ake tallatawa sai ka biya shekara huɗu a dunƙule, kuma ranar sabuntawa farashin tashi yake yi. GoDaddy ma haka yake yi da suna: shekarar farko kamar kyauta, ta biyu ka ji a jikinka. Don haka kuɗin sabuntawa za ka kwatanta, ba na shiga ba.

Idan abokan cinikinka 'yan Najeriya ne, sunan .com.ng daga dillalan da NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen .ng, ta amince da su ya wadatar, da naira za ka biya. Kuma ko wa zai haɗa maka shafin, ka tsaya a yi rajistar sunan da imel ɗinka, ba nasa ba.