Filin wasan gidan reno: tsakanin Manchester da Houston

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sanya alheri a wannan tashi. Kin ce maigida ya samu aiki a Houston, za ku bar Manchester, kuma hotunan gidajen renon yara na Texas da kika gani filayen wasansu sun fi na Ingila girma da kyau nesa ba kusa ba. Tambayarki ita ce ko hakan na nufin 'yarki mai shekara 3 za ta fi samun tsaro a can.

Girman fili da sheƙin fenti ba su ne ma'auni ba. Ƙasashen biyu kowace da inda ta zuba ƙarfinta: Amurkawa sun fi auna ƙarfe da ƙasa, mutanen Ingila sun fi ƙirga manyan da ke tsaye a kan yara. Ga yarinya mai shekara 3 kuwa, ni ƙirgen manyan ne ya fi damuna, shi ya sa zan fara da shi.

A Ingila doka ɗaya ce ta ɗaure duk wani gidan reno mai rajista, wato tsarin reno da koyar da ƙananan yara da ake kira EYFS, wanda ya fara aiki a 2008, Ofsted kuma, wato hukumar duba makarantu da gidajen reno, ita ke bin diddigi. Yara 'yan ƙasa da shekara 2, malama ɗaya ga yara 3. Masu shekara 2, ɗaya ga 5, kafin Satumban 2023 ma ɗaya ga 4 ne. Daga shekara 3 zuwa sama, ɗaya ga 8, sai dai idan akwai malama mai babbar takardar koyarwa tana aiki da su kai tsaye, to an yarda ya kai 13. Ko a Manchester kike ko a Bristol, lissafin bai canzawa.

Amurka ba ta da irin wannan doka guda. Kowace jiha ita ke yanka wa kanta, kuma Texas tana cikin masu sassauci. A can malama ɗaya za ta iya riƙe yara 11 masu shekara 2, ko 15 masu shekara 3, ko 18 masu shekara 4. Aji ɗaya na 'yan shekara 3 zai iya kai wa yara 30 da malamai biyu, kuma babu wanda ya karya doka. Jihar New York ɗaya ga 7 ta ce ga 'yan shekara 3, California ɗaya ga 12, Florida ɗaya ga 15 kamar Texas. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da takwararta ta lafiyar jama'a suna da littafin shawara da suka haɗa, su ma ɗaya ga 7 suka ce, amma shawara ce kawai, jiha ta ga dama ta ɗauka.

To ki auna da kanki. Yara 15 a cikin aji, kowa zaune a kan tabarma ana karanta musu labari, wannan mai sauƙi ne. Amma a buɗe musu ƙofa su fita fili: uku sun ruga wajen lilo, biyu sun hau abin zamiya, ɗaya ta ce fitsari take ji, wani ya faɗi yana kuka. Malamar da ta sunkuya tana lallashin mai kukan ta juya wa 14 baya. Wannan shi ne babban bambancin da za ki tarar, kuma hoto ba ya nuna shi.

Kada kuma a ɗauka Ingila ba ta da nata ɓaraka. Adadin malaman can ana lissafa shi ne a kan gidan gaba ɗaya, ba lallai ɗaki-ɗaki ba, don haka mai gidan renon zai iya cika lissafi a takarda alhali fili na da ƙarancin ido a daidai lokacin da wata ta shiga canza wa jariri kunzugu. Abin da ya ɗan toshe wannan shi ne sharaɗin da ya ce yaro ya kasance a inda ake ganinsa kuma ake jinsa a mafi yawan lokaci, sannan ko yaya ake ciki dole ɗaya daga cikin biyun ya samu. Haka kuma kowane yaro yana da malama tasa ta musamman da aka ɗora wa alhakinsa. Texas ita ma ta wajabta wa mai reno ta san yaran da ke hannunta da sunayensu da shekarunsu, ta kuma hana ta latsa wayarta don harkar gabanta tana kan aiki. Dokar ta yi kyau, amma ido biyu ne dai ga yara 15.

Idan aka dawo kan filin kansa, nan Amurka ta yi fintinkau wajen rubuta abu dalla-dalla. Hukumar kula da lafiyar kayayyakin masarufi ta ƙasar, CPSC, tana da littafin filin wasa tun 1981, ana sabunta shi lokaci-lokaci. Ba doka ba ne shi ma, amma jihohi da yawa sun kwashi abin da ke ciki sun zuba a sharuɗɗan lasisinsu. Dalilin wannan ƙoƙari a fili yake: duk shekara yara sama da 200,000 ake kai wa sashen gaggawa na asibitocin Amurka saboda raunin filin wasa, kuma faɗuwa ce kan gaba a abin da ke jawo shi. Saboda haka littafin ya fi mayar da hankali kan abin da yaro zai faɗa a kai.

Siminti, kwalta, dandariyar ƙasa, har ma da ciyawa, duk ya ce ba su dace a ƙarƙashin abin hawa ba. Ana son shimfiɗar roba da aka gwada ingancinta, ko ɓarɓashin katako, ko yashi, ko ƙananan tsakuwa, kuma kowanne da iyakarsa. Zurfin inci 9 na ɓarɓashin katako, wajen santimita 23 ke nan, yana kare faɗuwa daga tsayin ƙafa 10. Tsakuwa mai wannan zurfin ƙafa 5 kawai take karewa, yashi kuwa ƙafa 4. Mutane da yawa suna ganin yashi ya fi komai laushi, alhali shi ne mafi rauni a cikinsu, musamman idan ruwa ya dake shi ya daskare. An kuma ce a zuba inci 12 tun farko domin yana lotsawa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan shimfiɗa sai ta zagaye abin hawan da ƙafa 6 ta kowane ɓangare. Lilo kuwa nasa ya fi haka: gaba da baya, ninki biyu na tsayin sandar da aka rataye shi. Texas ta ƙara da nata sharaɗin, murabba'in ƙafa 80 ga kowane yaron da ke fili a lokaci ɗaya, da shinge mai tsayin aƙalla ƙafa 4.

Ingila fa? Dokar renon ta ƙayyade faɗin ɗaki, murabba'in mita 2.3 ga yaro mai shekara 3 zuwa 5, amma ba ta faɗi ko taku ɗaya ba game da faɗin fili. Cewa kawai ta yi a samar wa yara wurin wasa a waje, idan babu kuma a riƙa fita da su kullum. Shi ya sa za ki ga gidan reno a tsakiyar gari da ɗan tsakar gida kamar tafin hannu, ko ma babu, sai dai a jera yara cikin riguna masu ƙyalli a kai su lambun unguwa. Kayan wasan suna bin ma'aunin Turai mai lamba EN 1176 da EN 1177, wanda ya ce idan tsayin faɗuwa ya wuce santimita 60 a sa shimfiɗa mai rage buguwa, kuma ya yarda da ciyawa mai kyau a ƙarƙashin abin da ba shi da tsawo sosai. Nan sun saɓa da Amurkawa kai tsaye. Akwai kuma bambancin tunani. Hukumar lafiya da kariya a wurin aiki ta Birtaniya ta fitar da bayani a 2012 cewa ba a son a kawar da duk wani haɗari daga wasan yara, a auna amfani da illa ne. Don haka malamar Manchester za ta bar 'yarki ta taka gungumen itace tana tangaɗi, tana tsaye kusa da ita. A Amurka, inda tsoron a kai mutum kotu ya yi yawa, sau tari gungumen ne za a ɗauke.

Wuri ɗaya da bakin ƙasashen biyu ya zo ɗaya, kuma ina so ki riƙe shi da kyau, shi ne kafar da kan yaro zai iya maƙalewa. Duk wata kafa tsakanin sanduna ko matakala da faɗinta ya faɗa tsakanin santimita 9 da 23 haɗari ce, domin jikin ƙaramin yaro zai wuce, kansa ya ƙi wucewa, ya rataye. Sai kuma abin da ke wuya. Igiyar hular rigar sanyi, gyale, sarƙa, hular kwano ta keke, duk an yi gargaɗi a kansu saboda suna kamawa a bakin abin zamiya ko kan ƙusar da ta leƙo. Mu da muke sa wa 'yan matanmu ɗan hijabi tun suna ƙanana, wannan maganar tamu ce. Idan za ta sa, ya zama gajere mai kama jiki wanda ba ya reto, ko ki gaya wa malamar ta cire mata lokacin hawa. Doguwar riga mai jan ƙasa ma a bar ta sai ranar Juma'a ko Sallah, a sa mata wando.

Akwai abin da Manchester ba ta taɓa koya miki ba, wato rana. A Houston daga Yuni zuwa Satumba zafi na wuce digiri 32 a ma'aunin Celsius kusan kullum, ga gumi mai nauyi. Abin zamiya na ƙarfe, har ma na roba mai duhun launi da ita kanta shimfiɗar robar, suna ɗaukar zafin da zai sale fatar yaro cikin ɗan lokaci, kuma ƙaramin yaro ba ya saurin janye jiki kamar babba. Wanda ya taɓa taka kwalta ba takalmi a watan Afrilu a Sakkwato ya san abin da ake nufi. Ki duba ko akwai rumfa a kan kayan hawan kansu, ba a gefe inda malamai ke fakewa ba, ki ga ko ruwan sha na nan a fili. Ki kuma tambaya yadda suke yi da jajayen tururuwan nan masu cizo kamar wuta da suka cika kudancin ƙasar Amurka, domin gidajensu na tasowa a cikin ciyawa bayan ruwan sama.

Wajen taimakon gaggawa duka biyun sun yi tanadi. Ingila ta ce dole a samu aƙalla mutum ɗaya mai takardar horon ceton yara a gidan a kowane lokaci, haka ma idan an fita da su, ana sabunta takardar duk shekara 3, kuma mummunan rauni sai an sanar da Ofsted cikin kwana 14. A Amurka dokar tallafin renon yara ta tarayya da aka sabunta a 2014 ta tilasta wa jihohi binciken tarihin ma'aikata, da horon ceto, da ziyarar ba-zata ta sufeto zuwa wurare masu lasisi aƙalla sau ɗaya a shekara, da wallafa sakamakon a intanet. A wannan gaɓar Texas ta fi yi wa uwa amfani. Rahoton Ofsted bayani ne na gaba ɗaya, ana kuma iya shekaru kafin a sake zuwa. A shafin hukumar lafiya da walwalar jama'a ta Texas kuwa za ki sa sunan gidan reno ki ga kowane laifin da aka kama su da shi, da ranar, da ko sun gyara. Ki karanta na shekaru biyun baya. Fentin da ya ɓare ko takardar da ba a cike ba kada su tayar miki da hankali. Wanda za ki tsaya a kansa shi ne inda aka rubuta an bar yaro shi kaɗai a fili bayan an shigar da sauran, ko an wuce adadin yara ga malama. Idan ya maimaitu, ki wuce gaba.

Ki kuma lura da kalmar da ke jikin takardarsu. Texas tana da matakai: cibiya mai lasisi, gida mai lasisi, gida mai rajista, sai gidan da aka sa sunansa a jeri kawai. Wannan na ƙarshen sufeto ba ya zuwa sai an kai ƙara. Za ki samu 'yan'uwa da za su nuna miki wata baiwar Allah mai riƙe yara a gidanta da araha, wataƙila ma tana da kirki ƙwarai, amma ki san matakin da take kafin ki miƙa 'yarki.

Adadin 15 ɗin nan iyaka ce ta doka, ba dole ba ne, kuma gidaje da dama a Houston suna riƙe ƙasa da haka, musamman masu shaidar NAEYC, wato ƙungiyar kula da ilimin ƙananan yara ta Amurka, ko masu taurari a Texas Rising Star, tsarin da jihar ke auna ingancin gidajen reno da shi, sai dai sau tari kuɗinsu ya fi yawa. Don haka idan kun sauka, kada ki yarda da zagayen da ake yi wa iyaye lokacin barcin rana, fili fayau ba kowa. Ki nemi zuwa daidai lokacin da ajin 'yan shekara 3 ke waje. Ki ƙirga yara, ki ƙirga manya, ki ga ko malaman sun rarrabu ne, ɗaya wajen lilo ɗaya wajen ƙofa, ko sun haɗu a inuwa suna hira. Ki tura yatsa cikin ɓarɓashin katakon da ke ƙarƙashin lilo da bakin abin zamiya, domin nan ƙafafu ke share shi har ƙasa ta fito. Sannan ki tsaya har a kira su ciki, ki ga ko malamar tana kiran suna tana duban fuskar kowane yaro a bakin ƙofa, ko kai kawai take ƙirgawa daga nesa.