Na sayi jakar kayan gashi, amma abin da ya cece ni ba ya cikinta

Wata huɗu ke nan da na fara gashi a kan gawayi. Kamar yawancin sababbin shiga, abin da ya fara ɗaukar idona shi ne jakar nan mai ƙyalli wadda ake jera kayan gashi a ciki, kowanne da gurbinsa. Tawa guda 18 ne a cikinta. Yau in aka ce in nuna waɗanda hannuna yake kai wa, biyu ne rak.

Na farko awartaki. Tsawonsa ya kai santimita 40, kuma wannan tsawon shi ne amfaninsa, don kafin in same shi da gajeren na kicin nake juya nama, har gashin bayan hannuna ya babbake. Yana cafke cinyar kaza ba ta suɓuce ba, da shi kuma nake tura garwashi gefe. Na biyu faffaɗan cokalin nan mai siririn baki, wanda ake zurawa ƙarƙashin kifi a ɗago shi bai dagargaje ba. Dogon cokali mai yatsu kuwa sau ɗaya na taɓa shi. Huda naman yake yi, maiƙo ya tsiyaye kan garwashi, wuta ta tashi ta lashe abin da kake lallaɓawa.

Buroshin waya shi ne ya ɓata mini rai. Ran nan na gama goge ragar gashi, na ɗora nama, sai idona ya kai kan wani siririn abu yana ƙyalli a gefen yanka ɗaya. Na ciro shi da farce: silin waya ne, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba. Irinsa ne ake haɗiyewa ya maƙale a maƙogwaro ko hanji. A ranar na jefar da buroshin. Yanzu takardar alminiyom nake dunƙulewa, in kama ta da awartaki in goge ragar tun tana da zafi, kuma tana fita tas.

Abubuwan da suka gyara mini gashi daban na saye su, daga baya, bayan na sha wuya.

Bututun kunna gawayi na gaba da kowa. Siffarsa kamar doguwar gwangwani mai mariƙi, da raga a ciki da ramuka ta ƙasa. Ka cika samansa da gawayi, ka cusa fallen jarida biyu a gindi, ka ƙyasta ashana, shi ke nan. Iska mai zafi tana hawa sama tana janyo sabuwa ta ramukan, wutar ta riƙa hura kanta. Cikin minti 15 zuwa 20 gawayin sama zai fara furfura da toka, sai ka juye. Da can man kunna wuta nake yayyafawa in yi ta fifita, ido na hawaye, ƙarshe naman ya fito da warin mai. Aibinsa ɗaya: jikinsa yana yin zafin da ba wasa, kuma lokacin juyewa tartsatsi na tashi, don haka sai da safar hannu mai jure zafi, doguwa wadda ta rufe wuyan hannu. Kada a ajiye shi kan katako ko busasshiyar ciyawa.

Tun da na zo nan, bari in faɗi dabarar da ba kaya ba ce amma ta fi rabin jakar amfani. Garwashin gefe ɗaya nake tara shi, in bar ɗaya gefen fayau. Nama ya yi ja a kan wuta, sannan a matsar da shi can a rufe murfi ya ƙarasa nuna a hankali.

Sai ma'aunin zafi mai tsinke, wanda ake soka wa nama ya nuna lamba cikin 'yan daƙiƙu. Na daɗe ina ganin ƙyale-ƙyale ne, har ranar da na sauke kaza, waje ya yi baƙi, na yanka na tarar da jini a jikin ƙashi, ga baƙi suna jira. Kaza sai cikinta ya kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyos, niƙaƙƙen naman shanu 71, kifi da yankan nama 63, shi yankan a bar shi ya huta minti uku. A soka a inda tsoka ta fi kauri, kada tsinken ya taɓa ƙashi. Ma'aunin nan mai kama da agogo da ke jikin murfin murhu zafin iskar ciki yake aunawa, bai san halin da naman yake ciki ba.

Bokitin ƙarfe mai murfi ma na tanada saboda toka, don garwashi kan kwana da ransa a ƙarƙashinta, shi ya sa nake barin ta kwana biyu kafin in zubar. Murhun kuwa ko ruwan sama ake ba na shigar da shi ɗaki ko gareji. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa.

Jakar tana nan a saman kabad da sauran kayanta 15, har da wasu ƙananan tsinkayen riƙe masara da ban taɓa cire su daga ledarsu ba.