Ruwan Inabi na Kwalba ko Zoɓo: Wanne Ya Fi Dacewa da Abincin Walima?

Hajiya, Allah Ya sanya alheri, Ya nuna mana lokacin lafiya. Kin ce walimar auren ƙanwarki ce, baƙi za su kai ɗari, dangin ango kuma daga Kaduna da Abuja za su zo. Kina son ɗora kwalaben nan da ake kira wayin marar giya a kan tebur, amma aljihu ba nauyi, shi ne kike tambaya wanne ne mai sauƙin kuɗi, da wane abinci yake tafiya, ko kuwa ki tsaya a kan zoɓo kawai. Ra'ayina shi ne zoɓo ya raka abinci, kwalba kuma ta tsaya a teburin amarya da wajen yanka kek. Ga dalilaina, amma bari mu fara da kwalbar, domin iri biyu ce, kuma mutane da yawa ɗaya suke ɗaukar su.

Iri na farko ruwan inabi ne da bai taɓa zama giya ba. Ana matse inabin, a tace, a ɗumama shi har ƙwayoyin yis ɗin da ke ciki su mutu, sannan a busa masa gas a toshe. Wani likitan haƙori a jihar New Jersey ta Amurka, Thomas Welch, shi ya fara dabarar ɗumama ruwan inabin a 1869, saboda ba ya son a riƙa raba giya a cocinsu. Sunansa ne a jikin kwalbar Welch's har yau. Mafi yawan abin da za ki gani a Kasuwar Sabon Gari da kantunan PZ da Samaru a nan Zariya na wannan gidan ne: Eva asalinsa daga Sifen, Chamdor daga Afirka ta Kudu, Pure Heaven daga Ingila, Veleta kuma a nan Najeriya ake yin sa. Na gida ya fi araha, tunda bai biyo ta hannun dala da kwastan ba. Sai dai ki juya kwalbar ki karanta kayan haɗin. A ƙa'ida, abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa a ciki. In kika ga ruwa da sukari a gaba, inabi a baya, to lemo kika saya da tufafin biki, kada ki biya masa kuɗin ruwan inabi zalla.

Iri na biyu kuwa giya ce ta sosai da aka cire wa barasa. An bar ruwan inabin ya ruɓa, yis ya cinye sukarin ya mai da shi barasa har ta kai kashi 11 zuwa 14 cikin ɗari, daga baya aka janye ta. Wani Bajamushe, Carl Jung, ya yi rajistar hanyar yin haka a 1908. Barasa tana tafasa a zafin digiri 78, ruwa sai a 100, in kuma aka zuƙe iskar tukunyar sai barasar ta tashi tun a wajen digiri 30, ta bar ɗanɗanon bai dahu ba. Natureo na kamfanin Torres a Sifen misali ne na wannan. Dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta yarda a sayar da shi a matsayin wanda aka cire wa barasa ko da akwai saura har rabin kashi ɗaya cikin ɗari, ko da yake wasu kamfanoni suna kai shi 0.0. Za ki gane shi da rubutun dealcoholised ko alcohol removed a jikin takardar. Malamai sun saɓa a kansa. Akwai masu duba cewa ba ya sa maye, akwai masu duba asalinsa, kuma majalisar fatawa ta Malesiya a 2011 ta tsaya a kan cewa abin shan da aka bi hanyar yin giya wajen haɗa shi haramun ne ko an cire barasar. A walimar da malamai da iyaye za su zauna, ni dai ba zan ɗora abin da zai sa wani ya janye hannunsa cikin shakka ba. Ga shi kuma ya fi tsada, sai a manyan kantunan Abuja da Legas aka fi samunsa. Ki cire shi daga lissafi.

Wata magana da nake so ki riƙe da kyau: a wasu kantunan kwalbar giya ta gaske da ta lemon inabi kusa da juna suke, siffa ɗaya, takardar zinare ɗaya a wuya. In yaro za ki aika, ki rubuta masa sunan abin da kike so, ki ce ya duba kada ya ga lamba irin 12% vol, wadda ke nuna yawan barasa. Ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

To, yanzu mu ajiye kwalbar iri na farko a dama, jug ɗin zoɓo a hagu.

Turawa ba don zaƙi suke shan jan wayin da nama ba. Yis ya riga ya cinye sukarin, abin da ya rage shi ne tsami da bauri. Baurin daga wani sinadari ne da ake kira tanin, wanda ke cikin ɓawon inabi da ƙwallonsa, shi ne kuma a cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita, da shayin da ya daɗe a kan wuta. Tsami yana yanke maiƙo, bauri yana wanke harshe, sai loma ta gaba ta zo kamar ta farko. Ruwan inabi na kwalba launin kawai ya gada, aikin bai gada ba. Sukarinsa yana nan cif: ruwan inabi zalla yana ɗauke da giram 15 zuwa 16 a kowane mililita 100, alhali Coca-Cola tana da wajen giram 11. Kwalba ɗaya mai santilita 75 ke nan tana iya haura giram 100 na sukari. Ki tuna da dattawa masu ciwon suga a cikin baƙinki. Zoɓo kuwa da tsaminsa da ɗan baurinsa ya zo duniya, sukarin kuma ke ce mai zubawa. Shi ya sa nake cewa a kan tebur zoɓo ne ke yin aikin da jan wayin ke yi wa Turawa, ba kwalbar da ta yi kama da shi ba. Ba mu kaɗai muka gane haka ba. A Masar da Sudan karkade suke ce masa, a Senegal bisap, a Meziko kuma da shi suke kora gasasshen namansu mai barkono, kuma wani ɓangare mai yawa na busasshen zoɓon da suke sha daga gonakin Jigawa da Kano da Katsina yake tafiya.

Ɗauki balangu, ko tsire, ko farfesun kayan ciki da na kan rago. Duk abinci ne mai kitse. Ki kurɓi jan ruwan inabi a bayan loma, za ki ji zaƙi ya hau kan maiƙo, baki ya yi nauyi, kafin a kai rabin faranti mutum ya gundura. Ki kurɓi zoɓo mai citta da ƙarancin sukari, sai ki ji bakin ya washe, hannu ya koma faranti. A nan tazarar tana da faɗi ƙwarai. Haka dambun nama, haka soyayyar kaza.

Dafa-duka da soyayyar shinkafa su ne inda kwalba ta fi samun abin cewa. Gas ɗin yana ɗaga man da ke harshe, zaƙin kuma yana kwantar da yaji in ba mai yawa ba ne. Da soyayyar shinkafa da kaza da salak, farin ruwan inabi mai sanyi sosai yana tafiya daidai, ya fi jan. Da dafa-duka mai tumatir da ƙamshin itace, duka biyun suna yi, amma ni zoɓo nake miƙa wa hannu. In attaruhu ya yi yawa, ki sani gas yana ƙara wa harshe raɗaɗi ne, ba ya ragewa.

Kilishi da tsire mai yaji sosai suna da nasu abokin dabam. Sinadarin zafin barkono a cikin mai yake narkewa, ba a ruwa ba, shi ya sa kofi uku na ruwa ba sa kashe shi amma kurɓin nono ɗaya yana yi. Kunun aya yana da mai da ɗan zaƙi, don haka ya fi zoɓo da kwalba duka a wannan wurin. Ayar nan da muke gani ba a bakin komai ba, a yankin Balensiya na Sifen gonaki ake yi mata, kunun da suke yi da ita, horchata, abin alfaharin garin ne. Matsalarsa ɗaya, ba ya jure zafi. In ba ƙanƙara, sa'o'i kaɗan ya juya. In za ki yi, ki yi kaɗan, da safiyar ranar.

Gasasshen kifi ba ya son jan abin sha mai bauri, yana tayar masa da ƙarni. Farin ruwan inabi, ko mafi sauƙi ruwan tsamiya da citta da ɗan lemon tsami.

Waina da miyar taushe, sinasir, funkaso, alkubus: waina da sinasir suna da ɗan tsaminsu na kwanan ƙullu, taushe tana da zaƙin kabewa da nauyin gyaɗa. Zoɓo mai sauƙi, wanda ba a cika masa kauri ba, yana zama da su lafiya. Kwalba a nan tana danne ɗanɗanon miyar. In kuwa za a yi wa tsofaffi fatenmu na Zazzau da yakuwa, kada a haɗa da zoɓo. Yakuwa ganyen zoɓon ce, tsami zai hau kan tsami. Ruwa mai sanyi ya wadatar. Tuwo da miyar kuka ma haka.

Inda kwalba ta yi wa zoɓo fintinkau shi ne kayan zaƙi. Abin sha in bai kai abin ci zaƙi ba, sai ya koma tsami zalla a baki. Ki ci alkaki ko nakiya ko dubulan, ki bi da zoɓon da na kwatanta, za ki yamutsa fuska. Amma kek da cincin da dubulan da ruwan inabi mai gas, wannan haɗi ne mai kyau, kuma a nan ne ƙarar buɗe murfi da kumfa ke ƙara wa taro armashi. Ba na raina wannan. Dangin ango suna kallon tebur, amarya kuma tana son hotonta ya fito. Kwalba tana da wani amfanin: tana yin watanni a rufe ba firji, wadda ta rage a sa wa surukai a cikin kayan sallama.

Lissafin kuɗi kuwa ki yi shi da kofi. Kwalba mai santilita 75 tana ba da ƙananan kofuna 6. Mutum 100, kofi ɗai-ɗai, kwalba 17 ke nan. In kowa zai ƙara, 34, kusan katan uku mai goma sha biyu-biyu. Jarka ɗaya ta zoɓo mai lita 25 tana ba da irin waɗannan kofuna 200, daidai da abin da kwalba 33 za su bayar. Ki tambayi farashin katan a Sabon Gari, ki tambayi farashin mudun zoɓo da citta da sukari da ƙanƙara a Tudun Wada, ki ajiye su gefe da gefe. Farashi yana motsi kullum, amma tazarar ba ta rufuwa. Katan ɗaya ya ishi teburin amarya da na manyan baƙi, ja takwas, fari huɗu.

Zoɓo ma yana da nasa aibin, kuma gara ki san shi tun yanzu. Yana ɓata farar shadda da leshi, don haka a zuba shi a jug mai murfi, kada a cika kofi. Amincinsa yana ga ruwan da aka yi shi da shi da hannun da ya yi. Yana sauke hawan jini kaɗan, masu shan maganin hawan jini da masu juna biyu su sassauta. Sannan duk ruwa mai sukari da aka bari a ɗumi yana kan hanyar ruɓewa. A cikin Sahihu Muslim, Ibn Abbas ya ruwaito cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, ya sha har zuwa yammacin kwana na uku, abin da ya rage ya bayar ko a zubar. A zafin Zariya na watan Maris da Afrilu, zoɓo mai sukari ba firji ba ya kai haka. In ya fara kumfa da kansa ko jarkar ta kumbura, a zubar.

Zoɓon teburin biki ba irin na ƙullin leda ba ne. Ki zaɓi mai duhun ja, ki wanke ƙasar da ruwan sanyi da sauri. Ki tafasa ruwa da ɗanyar citta da ɓawon abarba da kanumfari kaɗan, ki sauke, sannan ki zuba zoɓon ki rufe ya jiƙu, maimakon ki bar shi yana ta tafasa har ya yi ɗaci. Kada ki sa kanwa. Ana sa ta don kashe tsami, alhali tsamin shi ne abin da muke nema, ga shi tana mai da launin baƙi-baƙi. Filebo na sacet ma ki bar shi. Sukari rabin wanda kika saba. In kina son ƙamshin inabi na gaske, ba sai kin je Sifen ba: ƙaramar hukumar Kudan, mai hedikwata a Hunƙuyi, ta yi suna da noman inabi, kuma in lokacinsa ne za ki same shi a bakin hanya da kasuwannin gari. Ki matse baƙin inabin da hannu, ba da blanda ba, don ƙwallon in ya fashe ɗaci yake yi, ki tace ki haɗa kofi ɗaya da kofi huɗu na zoɓo. Mai son gas, a zuba masa ruwan soda mai sanyi a lokacin sha, kashi ɗaya cikin uku na kofin.

Ki jiƙa zoɓon daren jajibiri ki tace, amma sukari da ruwan inabin sai da safe, don kada su kwana suna aiki. Ƙanƙara kuma ki kama ta tun kwana biyu kafin ranar, ki jera jarkoki da kwalaben a cikin baho ki lulluɓe su da ita. Kada a jefa ƙanƙarar kasuwa a cikin abin shan kansa. Kwalaben su samu aƙalla sa'a uku a cikin sanyi, kuma ki hana yara girgiza su kafin a buɗe kusa da kayan amarya.