Ofishin lauyan da ya zauna da mu kan gadon Baba

Sai da aka yi sadakar arba'in ta Baba kana rigima ta taso. Yaya Babba ya ce gidan unguwar Zariya nasa ne, wai Baba ya faɗa masa da bakinsa tun yana kwance. Inna ta yi shiru, amaryarta ta ce ita ba ta ji ba. Ni ce na yi boko a gidan, sai aka ɗora mini neman mai ba da shawara, na je ofishin wani lauya da ke kusa da gidan shari'a. Ba zan kama suna ba, don yabona da kukana duk a wuri ɗaya suke.

Kukan tukuna. An ba ni ƙarfe tara, ban shiga ba sai da aka kusa kiran azahar. Sakatariya ba ta faɗi kuɗin ganawa ba sai da na miƙe zan tafi, kuma duk takardar da aka miƙo mini da Faransanci take, alhali rabin magadan ba sa karanta shi.

Amma da Metir, wato lauyan, ya buɗe baki na manta da zaman benci. Tambayarsa ta farko: "Hajiya, kyauta ce ko wasiyya?" Na ce mene ne bambancin? Ya ce in kyauta ce, a mazhabar Malikiyya sai wanda aka ba ya karɓi abin hannu da hannu tun mai bayarwa na da rai da lafiya. Baba kuwa har ya rasu shi ke karɓar kuɗin hayar gidan. In wasiyya ce, ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun yarda, kuma ko ga bare ba ta wuce sulusin dukiya. Nan maganar Yaya ta faɗi. Wadda ta tsaya ita ce ta jikoki biyu, ƴaƴan wanmu da ya riga Baba rasuwa. Su ba su da gado tunda baffanninsu na raye, don haka abin da Baba ya rubuta musu gaban shaidu ya halatta. Wannan ya fi komai kwantar mini da hankali.

Abin da ya burge ni, bai ɗauki kansa malami ba. Ya ce kotunan Nijar al'adar mamaci suke bi a sha'anin gado, alƙali na zama da masu ba shi shawara kan al'ada, a wurinmu kuwa rabon Musulunci ke nan. Ya ce mu kai lissafin wajen malami ya duba, mun kai, bai canza ko dala ba. Bayan an biya bashin ƴan kasuwa an fitar da wasiyya, tsabar kuɗi ta rage miliyan 2 da jikka 400. Matan Baba biyu suka raba sumuni, wato ɗaya bisa takwas, kowace jikka 150. Kakarmu, mahaifiyar Baba, ta ɗauki sudusi, wato ɗaya bisa shida, jikka 400. Sauran miliyan 1 da jikka 700 aka raba wa maza uku da mata huɗu: namiji 340, mace 170.

Takardu kuwa a jere ya lissafa mini su: shaidar rasuwa daga magajin gari, sannan taron dangi da za a rubuta a naɗa wakili guda, a kai kotu ta tabbatar, a samo takardar shaidar magada. Ban da su banki ba zai saki ko sisi ba. Gonarmu ta Jiratawa ya ce a bi ta hukumar filaye da ake kira Kofo a rubuta rabon kowa, ya kuma ja kunnena kada mu yarda a ce mata su haƙura da ƙasa a ba su kuɗin goro.

Na so ya shigar da ƙara a kan Yaya, don raina a ɓace yake. Ya ce, "Hajiya, ku fara zuwa wajen mai unguwa, doka ta ba sarakuna ikon sasantawa, in an rubuta an sa hannu ya wadatar." Lauyan da ke korar kuɗin shari'a daga ƙofarsa, ban taɓa gani ba.

Mai niyyar zuwa ya tambayi farashi tun daga bakin ƙofa, ya tafi da wanda zai fassara masa takarda. Gidan Zariya dai an yi masa kuɗi, Yaya yana biyan mu kashi-kashi, saura biyu.