Garrett GT2554R a Injin Civic 1.6: Ƙaramin Turbo Ya Ishe Ni

Motata Honda Civic ce ƙirar 1998, mai injin D16Y8, lita 1.6, wanda kamfanin ya rubuta masa ƙarfin doki 127. Mota ce mai haƙuri, ba ta cin mai, ba ta yawan kai mutum gareji. Amma duk wanda ya tuƙa irinta ya san halinta: ba ta farkawa sai allura ta haura juyi 5,000 a minti. In ka ɗauki mutum huɗu kana hawan tudu, ko kana so ka wuce tirela a hanya mai hannu biyu, dole ka sauke giya biyu ka danne totur har ƙasa. Dalilin da ya sa na ɗaura mata turbo ke nan, kuma wanda na zaɓa shi ne Garrett GT2554R. Na daɗe ina tuƙa ta a haka, a cunkoso da doguwar tafiya, da rana da dare, shi ya sa nake ganin na isa in faɗi abin da na gani.

Ga wanda bai saba da harkar ba, ƙarfin inji daga iska da fetur yake fitowa, kuma injin da ba shi da turbo iyakar iskar da yake zuƙa ita ce wadda nauyin sararin sama ya tura masa, wato psi 14.7 a gaɓar teku (psi ma'aunin matsi ne). Turbo yana karɓar hayaƙin da zai fita ta salansa a banza, ya juya farfela da shi, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke ɗaya gefen sandar, wadda ke cusa iska cikin inji da ƙarfi. Ni a psi 7 na tsaya. A lissafi, kusan rabin iskar da injin ke sha aka ƙara masa a kan wadda ya saba.

Mutane da yawa sun ba ni shawarar in sayi wanda ya fi wannan girma, wai tunda za a yi aikin, a yi shi gaba ɗaya. Ban bi ba, kuma har yau ina ganin nan ne na fi dacewa. Kamfanin Garrett ya tsara GT2554R don injuna daga lita 1.4 zuwa 2.2, da ƙarfin doki 170 zuwa 270. Shi kuwa injin D16, duk masu taɓa shi sun san sandunan fistin ɗinsa sirara ne, kuma da zarar ƙarfi ya zarce doki 200 a taya (wato ƙarfin da ke isa taya, wanda bai kai na bakin inji ba) ka shiga yankin da suke lanƙwashewa ko su karye. To me zan yi da turbon doki 400 a kan injin da ba zai ɗauki fiye da rabin haka ba? Babban turbo yana buƙatar hayaƙi mai yawa kafin ya ɗauki gudu, ƙaramin inji kuwa ba ya ba shi sai can sama. Sai ka ga mota ta mutu murus a ƙasa, sannan ƙarfi ya zo mata gaba ɗaya lokaci guda, tayoyin gaba su kama juyawa a wuri ɗaya. Wannan yana burge 'yan kallo, amma ba ya amfanar mai fita aiki kullum.

Ranar da na fito da shi daga kwali na ɗan daɗe ina jujjuya shi a hannu. Ƙarami ne, bai fi tafin hannu biyu ba, amma yana da nauyi. Na sa yatsa na taɓa farfelar gefen iska, sai ta ci gaba da juyawa ita kaɗai tana wani ɗan sauti siriri, na rausaya sandar sama da ƙasa ban ji ta yi wasa ba. Sandar a kan boris biyu take zaune, saɓanin tsofaffin ƙira da ke shawagi a kan baƙin mai da bushin. Abin da ke sa shi saurin tashi ke nan. Ƙofar da ke karkatar da rarar hayaƙi don kada iskar ta wuce ƙima a jikinsa take, ba sai ka sayi wata daban ka nemo mata wurin zama ba, kuma a cikin bonet ɗin Civic, inda lagireto ke dab da inji, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

A kan titi, ga yadda abin yake. Kana giya ta huɗu, allura na wajen juyi 2,500, sai ka ɗan ƙara taka totur. Za ka ji wani fito a hankali daga gaba, allurar ma'aunin iska ta tashi daga ƙasan sifili ta haura, kafin ka kai juyi 3,000 da ɗan wani abu ta tsaya cak a kan 7. Kujera ta tokare maka baya, ba da fizga ba, da wani irin turi mai ɗorewa wanda ba ya sassautawa har ka canza giya. Tudun da a da nake hawa da giya ta uku injin na kururuwa, yanzu da ta biyar nake haye shi muna hira a mota. In ka ɗaga ƙafa sai bawul ɗin sakin iska ya yi fuu. Na zaɓi mai mayar da iskar cikin bututu, don ni ba ƙarar nake nema ba. Abin da ya fi burge ni shi ne in ba ka taka ba, motar tana nan yadda take a da, lafiya lau, ko ɗan koyo zai iya tuƙa ta a cunkoso.

Amma turbon kansa bai kai rabin aikin ba, kuma nan ne nake so mai niyya ya natsu ya karanta.

Na farko, baƙin mai. Turbo mai boris ba ya son matsin mai da yawa. Garrett ya ce psi 40 zuwa 45 ya ishe shi, injin Honda kuwa yana wuce haka sosai in ya ɗauki gudu, don haka sai an sa ɗan matsattsen noti mai ramin kusan milimita 1 a bakin tiyon da ke kai masa mai. In ba a sa ba, mai zai tsallaka ya shiga salansa, mota ta riƙa fitar da shuɗin hayaƙi, mutum ya ɗauka turbon ne ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau. Sannan man da ya shiga dole ya koma, shi kuwa ba famfo ke mayar da shi ba, gangarowa yake da kansa. Sai an cire kaskon mai na ƙasan inji an huda shi a saman inda mai ke tsayawa, an yi waldar baki, an ja tiyo mai faɗi wanda ba shi da lanƙwasa ko kwari. Akwai kuma tiyo biyu na ruwan lagireto. Wasu suna toshe su su ce ba komai. Ni na haɗa nawa, domin bayan an kashe inji zafin gefen hayaƙi yana komawa tsakiyar turbo ya dafa man da ya rage a boris, ruwan ne ke janye wannan zafin.

Sauran kayan haɗi, wato bututun hayaƙin da turbo ke zama a kai, intakula (mai sanyaya iskar da turbo ya matsa kafin ta shiga inji), bututun iska da maɗaurai, a haɗe na saye su daga wani mai sayarwa daban, kuma gaskiya ban ji daɗinsu ba. Intakular ba laifi, tana sanyaya iska yadda ya kamata: bayan gudu in ka taɓa gefen shiga da zafi, gefen fita kuwa da ɗan ɗumi kawai. Amma maɗauran roba-roba ne. Wata rana ina tsakiyar wuce mota na ji fam! kamar an fasa leda, ƙarfi ya ɗauke nan take. Tiyo ne ya suɓuce daga bututu saboda bakin bututun sumul yake, ba a yi masa tudun da zai riƙe ba. Sai da aka yi wa kowane baki ɗan tudu, aka sauya maɗauran da masu noti. Bututun hayaƙin ma ya tsage a wajen walda, saboda ƙarfen siriri ne kuma nauyin turbo duk a kansa yake rataye. Na maye shi da na zubin ƙarfe, gajere mai kauri. Ba shi da kyan gani, amma tun daga nan ban sake jin kansa ba. In da mai karatu zai ɗauki shawarata, ya tsinci kayan nan ɗaya bayan ɗaya maimakon ya saye su a ƙunshe.

Sai maganar fetur da saiti, wadda ita ce ke raba injin da zai daɗe da wanda zai tarwatse. Nozul ɗin asali masu fesa fetur a wannan injin cc 240 suke fesawa a minti, ba za su iya ciyar da ƙarin iskar ba. Na sa masu cc 440, da famfon mai Walbro 255 a tanki. Ƙwaƙwalwar motar ta asali ba ta san iska mai matsi ba, shi ya sa aka sauya ta da ƙwaƙwalwar P28 ta tsofaffin Civic, aka dasa mata Hondata S300, na'urar da ke ba da damar canza saitinta da kwamfuta, da wayar da ke haɗa tsohon tsari da sabo. Fulogi kuma NGK masu lamba 7, waɗanda suka fi na asali jure zafi, aka matse bakinsu zuwa wajen milimita 0.7 don kada matsin iska ya kashe tartsatsin.

Mai saitin ya ɗaure motar a kan daino, wato na'urar auna ƙarfin mota a taya, ya zauna a kujerar direba da kwamfuta a cinya, da wata na'urar saurare a kunne wadda ya maƙala a jikin inji. Ba lambar ƙarfi yake bi ba, ƙarar ƙas-ƙas ɗin nan yake kasa kunne ya ji, wadda ke nuna fetur ya fashe da kansa ba bisa tsari ba. Wannan injin matsinsa 9.6 ne, wato fistin yana matse iska da fetur ninki 9.6, ya ɗan yi yawa ga turbo, don haka duk lokacin da iska ta ƙaru sai ya ja lokacin tartsatsi baya kaɗan, ya ƙara fetur. A tafiyar yau da kullum awon iska da fetur 14.7 ne, wato kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur a nauyi, amma in turbo ya cika ya saukar da shi ƙasa da 12, don rarar fetur ɗin tana sanyaya kan fistin. Kafin aikin motar tana ba da doki ɗari da 'yan kai a taya. Bayan aikin ta kai wajen 170. Ya ce zai iya matso wani abu, amma ba zai yi ba, kuma na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Duk wanda ya ce maka zai ɗaura turbo ba tare da irin wannan saitin ba, ka ɗauke motarka daga wurinsa.

Akwai abubuwan da suka biyo baya waɗanda ya kamata a sa a lissafi tun farko. Kulocin asali ba a yi shi don wannan ƙarfin ba, zai fara zamewa a manyan giya, nawa na sauya shi da mai ƙarfin riƙo, ƙafar hagu kuwa ta san an yi canji. Zafi a cikin bonet ya ƙaru sosai, sai da aka naɗe bututun da ke sauka zuwa salansa, aka sa siririyar fanka don samun wuri. Fetur sai mai babban lambar okten, wato wanda ba ya saurin fashewa da kansa, babu sassauci a nan. Baƙin mai sai na zamani mai jure zafi, kuma ina juye shi kafin lokacin da littafin mota ya faɗa. Cin mai a tafiyar natsuwa bai canza sosai ba, amma in ƙafa ta yi nauyi tanki zai gaya maka. Birki da taya na gyara su kafin ma a kunna turbon, don motar da ke saurin ɗaukar gudu tana bukatar saurin tsayawa. Dokar hayaƙi da ta inshora kuma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kowa ya binciki tasa kafin ya kwance noti ɗaya.

Wanda burinsa doki 300 ko fiye, wannan turbon ba nasa ba ne, zai ƙure shi, kuma sai ya buɗe inji ya sa fistin da sanduna na ƙira. Wanda kuma yake son ƙarfi ya bi ƙafarsa daidai-wa-daida ba tare da ko ɗan jinkiri ba, ya duba sufacaja, mai cusa iska wadda bel ɗin inji ke juyawa maimakon hayaƙi, ko da yake ita tana cin wani kaso na ƙarfin injin kafin ta ba shi. Amma mai ƙaramar mota da ke so ta yi ƙarfi a inda ake tuƙi kullum, tsakanin juyi 3,000 da 6,000, ni dai ban ga abin da zan kushe a GT2554R ba. A saya a wurin dillalin da kamfanin ya amince da shi, don jabunsa sun yi yawa kuma a ido suna kama da na ainihi. Kafin komai kuma a auna matsin kowace silinda. In ɗaya ta yi ƙasa da sauran, ko injin yana cin baƙin mai, a fara gyara wannan tukuna.